Wane suna za mu raɗa wa masu bibiyar guguwar teku don sha'awa?

Jama'a, kalma nake nema, kuma ta mutum ce, ba ta iska ba.

A Amurka akwai wasu mutane da gwamnati ba ta ɗauke su aiki ba, da yawansu ma ba su taɓa zama ajin kimiyyar yanayi ba. Kowa da sana'arsa ta daban. Amma da zarar 1 ga Yuni ta yi, wato farkon lokacin guguwa a tekun Atilantika, har zuwa 30 ga Nuwamba, barcinsu rabi da rabi ne. Mutum zai dawo daga aiki ya buɗe hoton tauraron ɗan'adam, ya ƙura wa wani dunƙulen gajimare ido yana fita daga gaɓar Senegal. Ya rubuta inda yake yau, ya gwada da inda yake jiya. Ya duba ko ɗumin ruwan tekun ya haura digiri 26, don in bai kai ba da wuya abin ya yi ƙarfi. Ya duba ko busasshiyar iska mai ƙurar Sahara za ta shaƙe shi. Sannan ya ɗora lissafin hasashe na kwamfutar Amurka kusa da na Turai, ya ga inda suka saɓa. Cibiyar kula da guguwa ta ƙasar da ke Miami tana fitar da sanarwa duk bayan awa 6, shi kuwa kafin ta fito ya riga ya zauna yana jira.

Turawa na ce masa tiraka. Mu me za mu ce masa? Ina da shirin rediyo da zan gabatar a kansu, kuma ba na so in yi ta maimaita "waɗannan mutanen" har a tashi.

Kada wani ya ce abin bai shafe mu ba. Irin tarin hadarin da ke taso mana daga gabas a Agusta, ya juye ruwa a Kano ko Maraɗi ya yi yamma, wani daga cikinsa ba ya mutuwa a tudu. Yakan faɗa teku, ya wuce tsibiran Kef Bad, ya fara juyawa. Mafi yawan manyan guguwar da ke dukan Karebiyan da Amurka daga irin wannan hadarin na Afirka suke farawa. To kun ga mutanen nan suna kallon samanmu ba mu sani ba.

Kafin mu kai ga mutumin, ita iskar "guguwar teku" nake ce mata. Na san kafafen labarai sun saba da "mahaukaciyar guguwa", kuma tana da daɗin faɗi. Matsalarta ita ce kowace iska tana iya haukacewa: da wadda ke kwashe kwanon rufi a farkon damina, da siririyar nan mai saukowa daga gajimare a filayen Oklahoma, duk haka ake ce musu. Ita wannan kuwa a kan teku mai ɗumi kaɗai ake haihuwarta, tana hawa tudu ta fara raunana, kuma ba ta cin sunan sai gudun iskarta ya kai kilomita 119 a awa. Hariken a Atilantika, taifun a wajen Filifin da Japan, saikulon a tekun Indiya kamar Idai da ta ragargaza Beira a Mozambik a 2019, duk abu guda ne. Wannan na rufe shi. Ku kawo na mutumin.

Ƙari, bayan na karanta amsoshinku.

Wanda ya ce "ɗan duba", Allah ya shirye ka, na yi dariya, mun wuce.

Da yawa sun ce "mai hasashen yanayi". Wannan kujera da mai ita. Da shi muke kiran ma'aikatan NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, da takwarorinsu, masu takarda da albashi, waɗanda in sun yi kuskure akwai ofishin da za a je a tuhuma. In na ba ɗan sha'awa sunan nan, mai sauraro zai ɗauki maganarsa a matsayin sanarwar hukuma, kuma a harkar da ake ce wa mutane su bar gidajensu wannan ba ƙaramin haɗari ba ne.

"Ɗan koyo" ma bai yi ba. Akwai wanda ya yi shekara talatin yana abin nan, furfura ta cika masa kai. Koyon me kuma?

Hajiya, ke kika kawo "ɗan sa-kai", kuma ta fuskar ma'ana kin fi kowa kusa. Akwai ma rukunin da ya dace da su sosai: masu na'urar rediyon aika saƙo a gidajensu don sha'awa, waɗanda tun guguwar Betsy ta 1965 suke haɗuwa a zango ɗaya suna miƙa rahoton abin da ke faruwa a garuruwansu, har suna da tasha a cikin cibiyar Miami ɗin tun 1980. In layin waya ya yanke, wutar lantarki ta ɗauke, muryarsu ce ke fita. Sai dai, ranki ya daɗe, ki faɗi "'yan sa-kai" a rediyo yau a Zamfara ko Katsina ki ga hoton da zai zo wa mutane. Bindiga za su gani, ba ma'aunin iska ba. Kalmar ta riga ta tafi wani aikin.

Malam, kai kuma ka ce a kira su 'yan dagaji kawai a huta, tunda ba su karanta ba suke tsoma baki. Allah ya gafarta Malam, a nan ne zan ja da kai, da ladabi.

A Satumban 1821 wata guguwa ta ratsa jihar Connecticut. Wani mutum mai suna William Redfield, wanda abin da ya koya da ƙuruciya shi ne ɗinkin sirdi da kayan doki, ya yi tafiya cikin yankin bayan ta wuce. Sai ya lura da abin da dubban mutane suka gani ba su kula ba: a wajen garinsu itatuwa sun faɗi suna fuskantar gefe guda, can gaba kuma sun faɗi suna fuskantar akasinsa. Iska ɗaya, rana ɗaya. Ya ce wannan ba zai yiwu ba sai in iskar juyawa take yi tana tafiya. Bai yi gaggawa ba, ya bi rahotannin jiragen ruwa yana tattarawa, sai a 1831 ya buga bayaninsa a mujallar kimiyya. Juyawar nan da ya gano daga kwanciyar itatuwa ita ce yau kowa ke gani a hoton tauraro. Ita kanta kalmar saikulon, wani tsohon kyaftin ɗin jirgin ruwa ne a Kalkata, Henry Piddington, ya ƙirƙiro ta a shekarun 1840. Wato fannin nan tun tushensa da hannun waɗanda ba su da takardarsa.

Na kusa ma akwai. Ranar Juma'a 26 ga Agusta 2005, wani ɗalibin lauya a jami'ar Notre Dame, can jihar Indiana nesa da teku, ya yi ta kwarmata cewa guguwar Katrina na iya hallaka birnin New Orleans, mutane su fita. Ba shi da wata na'ura tasa. Bayanan da hukuma ta baza wa kowa ya karanta, ya ɗauke su da gaske. Magajin garin bai ba da umarnin ficewa na dole ba sai ranar Lahadi, guguwar ta sauka Litinin, sama da mutum 1,000 suka mutu.

Ban ce babu 'yan dagaji ba, Malam. Suna nan birjik. Su ne masu ɗauko taswira guda daga lissafin kwamfuta na mako biyu gaba, wanda gobe zai canza, su zagaye wani birni da jan layi su tayar wa mutane hankali don a taru a kansu. A bar musu sunan, sun cancanta. Amma kada a shafa wa kowa.

Abin da ya kwanta mini shi ne wanda wani ƙanena daga Damagaram ya jefo a gajarce, ko bayani bai yi ba: mai bin sawu.

Ku duba. In an kore shanu da dare, wa ake kira da asuba? Mutumin da babu makarantar da ta ba shi shaida, ido ne da shekaru. Ya durƙusa ya duba zurfin kofato, ya ce gudu suke ko tafiya, ya duba kashin ya ce tun yaushe suka wuce, ya ce ga inda suka nufa. Ba ɗan sanda ba ne, ba ya kama kowa, amma mai hankali ba ya raina maganarsa. Wannan shi ne mutuminmu. Kuma kalmar ta ɗauke mana nauyin neman wata ta biyu da za ta nuna cewa ba ma'aikaci ba ne, don ba wanda ya taɓa jin an ce wane ya yi digiri a bin sawu.

An yi mini gyara cewa sawu baya yake, su kuwa gaba suke hange. Gaskiya ne rabi. Ba don tarihi ake bin sawu ba, don a san inda aka dosa ne. Su ma haka suke yi, ɗigon inda guguwar take a taswira jiya da na yau ne ke nuna musu na gobe. Shi Redfield ma ai sawun ya bi a zahiri. "Bin diddigi" da wani ya kawo ya yi kusa, amma 'yan jarida masu bincike sun riga sun shige da shi, yana ƙamshin tonon asiri.

Don haka: mai bin sawun guguwa, masu bin sawun guguwa. Na gwada shi a baki kamar ina karanta labarai: "Masu bin sawun guguwa sun ce tana iya karkata arewa, amma hukuma ba ta janye gargaɗinta ba." Ya zauna, kuma ya raba su da hukuma ba tare da an ƙara komai ba.

Saura mutum ɗaya da sunan bai rufe ba, wanda ba ya zama gaban kwamfuta, jirgi yake hawa ya je inda za ta sauka. Irin su Josh Morgerman, wanda ranar 1 ga Satumba 2019 yana cikin wata makaranta a Marsh Harbour ta Bahamas lokacin da idon guguwar Dorian, wato tsakiyarta, ya bi ta kansa, ya auna nauyin iska ya samu awon miliba 913.4, alamar guguwa mai tsananin ƙarfi. An ce a kira shi mafarauci. Ban so ba, don tuni ake kiran sojojin saman Amurka masu kutsa jirgi cikin guguwar suna aune-aune da mafarauta. Kuma shi ba bin ta yake a baya ba, gabanta yake shiga ya tsaya. Tarar aradu da ka ce tsagwaronta, shi ya sa nake karkata ga "ɗan tarar guguwa". In ba wanda ya kawo abin da ya fi shi kafin Juma'a, da shi zan shiga situdiyo.