Shawarwari kan kula da muhalli a makarantar firamare

Da malamai da iyaye suka zauna tattauna yadda za a kula da muhallin makaranta, maganar dashen itatuwa ce ta fi ɗaukar lokaci. Mafi yawansu sun ba da shawarar a dasa darbejiya da zogale a watan Yuli, bayan damina ta kankama, sannan a kewaye kowane dashe da ƙaya, domin awaki kan cinye shi tun kafin ya yi ƙarfi. An kuma nemi kowane aji ya ɗauki nauyin ban ruwa har ƙarshen rani, wanda a ganina shi ne mafi wuyar cikawa, musamman lokacin hutu. Ledojin ruwa kuwa, an amince a daina ƙona su kusa da azuzuwa, saboda hayaƙinsu yana cutar da ƙirjin yara.