Tafkin Kuza: musayar waƙa a kan yunwar suna

Yayar Auta, Gangare, Jos

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu alƙalami. Kwana uku ke nan abin yana cina, na kasa faɗarsa da baki, sai na zuba shi a baiti. Maganar autanmu ce. Wanda yake da amsa ya ba ni a waƙe, ya riƙe mini amsa-amon "na".

Da sunan Allah zan fara,
Shi ke ba bawa sutura,
Salati ga Manzo in ƙara,
Sannan in yi kukan suna.

Autanmu tela ne tun da,
Shagonsa na nan Farar Gada,
Kowa a layin zai shaida,
Ba ya wasa da amana.

Ran nan ya jingine waya,
Ya yi barkwanci don dariya,
Kafin asuba duk duniya
Ta kalla, daga nan har Ghana.

Keken ɗinki ya yi tsatsa,
Sai ƙirga mabiya da yatsa,
In na yi faɗa ya ce in matsa,
Wai hassada ce ke cina.

Ran Laraba Inna ta faɗi,
Muka kai ta gado, jiki ba daɗi,
Ina ta faman haɗa kuɗi,
Auta ya iso da rana.

Ya gyara hula, ya gyara riga,
Ya nemi haske wajen taga,
Ya ɗaga waya don jama'a su ga
Hawayen ɗa mai ƙauna.

Da kukan bai fito daidai ba,
Ya sake sau uku, bai ji nauyi ba,
Inna na kallo, ba ta tanka ba,
Ta juya bango, ranta na ƙuna.

Ku ba ni amsa don Allah,
Yaron da ke tashinmu sallah,
Na goya shi a bayana wallah,
Me ya cinye mini ƙanena?

Malam Mai Allo, Bauchi Road

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya sa kaffara ne.

'Yata, Allah ya ba Inna lafiya,
Ya sanyaya ranki da ke ƙuna.

Ciwon ƙanenki tsoho ne,
Tun da can malamai sun ba shi suna.

Riya ita ce yi don a gani,
Sum'a, yi don a ji a yi magana.

Ujubu ya fi su iya ɓuya,
Mutum ya dubi kansa ya jinjina.

Imamu Gazali cikin Ihya'u,
Ya ware littafi kan wannan fitina.

Mai kuɗi dukiya yake tarawa,
Zukatan mutane ne jarin mai suna.

Tirmizi ya ruwaito daga Manzo,
Misalin da kullum nakan tuna:

Kyarkeci biyu mayunwata a garke,
Ba su kai kwaɗayi biyu ɓarna,

Kwaɗayin dukiya da na ɗaukaka,
Ga addinin bawa, in sun zauna.

Ki ja shi ɗaka, ba idon kowa,
Nasiha a taro kan haifi tsana.

Ɗalibar Jami'ar Jos, Angwan Rogo

Allah ya gafarta Malam, zan ɗora da abin da muka karanta a ilimin halayyar ɗan Adam. A 2006 wasu masu bincike biyu a Amurka, Drew Pinsky da Mark Young, sun gwada fitattun mutane 200 da ma'aunin jiji-da-kai. Sun zarce sauran jama'a. Waɗanda suka fi kowa maki su ne 'yan shirin talabijin da ake nuna rayuwarsu kawai, mawaƙa da makaɗa kuma suka zo a ƙasa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, daɗewar mutum a harkar ba ta ƙara masa maki ba. Wato da kayansa ya shigo.

Girkawa sun bar tatsuniya,
Ta Narsisas mai taurin zuciya,
Ya ƙi masoya gaba ɗaya,
Ya je bakin ruwa ya zauna.

Ya leƙa ya ga kyakkyawar fuska,
Ya miƙa hannu, ruwa da iska,
Ya mai da inuwa tamkar taska,
Har ya mace a kan wannan ƙauna.

Mu a Jos mun san tafkin kuza,
Wanda ya ci yara, ya ci maza,
Samansa lumui, haske ya baza,
Ƙasansa rami ne da aka tona.

Gilashin waya ma tafki ne,
Mai leƙa shi kullum mai ƙishi ne,
Yabon baƙo ruwan gishiri ne,
Kana sha, maƙoshi na ƙuna.

Anti, ki duba can baya,
Ko Auta na da tsohuwar ƙaya,
Wadda ya ɓoye a zuciya,
Ba wanda ya zauna ya auna.

Baba Mai Kyamara, Nasarawa Gwong

'Yata ɗaliba, karatunki ya yi kyau, amma ban yarda a ɗora wa yaro kayan shi kaɗai ba. Na riƙe kyamara a garin nan tun zamanin kaset, kafin a raɗa wa harkar suna Kannywood a 1999. Abin da zan faɗa da idona na gan shi, sunan mai shi kuwa zan rufa masa asiri.

Na san wani yaro mai kunya,
Shi ke ɗauko mana kaya,
Shi ke sayo shayi a kan hanya,
In an gaishe shi ya sunkuya,
Ba ya iya kallon idona.

Ran nan jarumi bai zo ba,
Darakta bai ga mafita ba,
Ya ce, "Kai, zo," bai yi musu ba,
Fim bai yi wata a kasuwa ba,
Sai ga hotonsa a motocin Kaduna.

Sai 'yan a-bi-yarima suka taru,
Kullum safiya sai sun ƙaru,
Daga Terminus har zuwa Bukuru,
Ko ya yi kuskure, "Ai ya gyaru!"
Ba mai ce masa, "Kai, daina."

Mai faɗin gaskiya ya zam maƙiyi,
Mai riƙe jaka ya zam masoyi,
Ni da na koya masa yadda ake yi,
Sai da na jira a ƙofa cikin sanyi,
Awa biyu kafin mu gana.

Ko da irin na cikin ƙasa,
Sai da ban ruwa zai yi bisa,
Mu muka yi ta zuba masa,
Da tafi, da kirari, da wasa,
Har ciyawa ta cinye gona.

Yayi ya wuce, ciwo ya zo,
Taron ya watse kamar hazo,
Ƙofarsa ta cika da yanar gizo,
Masu kirarin "namijin ƙwazo"
Ba ɗaya da ya zo jinya ya kwana.

Na je dubiya na same shi,
Ya rame, ƙashi da numfashi,
Abin da ya tambaye ni da ƙishi:
"Baba, har yanzu ana son shi,
Wancan na cikin fim, mai sunana?"

Wallahi ban iya ba shi amsa ba, sai na riƙe hannunsa. Ya raba kansa biyu, kuma wancan na cikin fim yake tambaya, ba wanda ke kwance ba. Inda na yarda da ke, 'yata, shi ne maganar makaɗa. Mai sana'ar da ta sha masa kai yana da wurin ajiye ido.

Ɗan Maraya, tsirkiya ɗaya,
Kuntiginsa ya zaga duniya,
Amma idonsa na kan hanya,
Kan karen mota mai wahalar tafiya,
Tun 2015 kewarsa ke damuna.

Mai Mabiya, Rikkos

Iyayena da yayyena, ku yi haƙuri in sa baki. Ni ina cikin ruwan da kuke magana a kai, TikTok ce gonata. Ban san Auta ba, amma na san darensa.

Ƙarfe ukun dare ina farke,
Cikin bargo ina bincike,
In adadi ya hau, rai ya sake,
In ya tsaya, zazzaɓi a jikina.

Mutum dubu su yi mini yabo,
Ɗaya ya zage ni, ya bar tabo,
Yabon ya bi iska, ba rabo,
Da zagin nan zan kwana.

A Terminus a tare ni a yi hoto,
Kowa na mini kyakkyawan zato,
In na koma ɗaki ba mai ceto,
Ba wanda zan gaya wa ciwona.

Kwana uku in ban saka ba,
Manhaja ba za ta nuna ni ba,
Mai talla ba zai kira ni ba,
Da kuɗin ake karatun ƙannena.

Na yi bidiyo kan koyon sana'a,
Ba wanda ya kalla cikin jama'a,
Na yi na habaici da ba'a,
Ya zaga gari kafin faɗuwar rana.

Wa ya kalli hawayen Auta?
Wa ya danna, wa ya yi kyauta?
Wa ya rubuta, "Allah ya tashe ta"?
Mai saye ke sa a soya waina.

Ɗalibar Jami'ar Jos

Baba, na karɓi gyara. Binciken ya gwada su sau ɗaya ne, bai bi mutum tun kafin ya yi suna ba. Kuma jiji-da-kai hali ne, ba duk mai shi ne mara lafiya ba, wannan hukuncin na likita ne. Ɗan uwa na Rikkos, tarewar da ake maka a Terminus an yi rubutu a kan irinta tun 1956. Masu bincike Donald Horton da Richard Wohl sun lura mai kallon talabijin yana jin ya shaƙu da wanda yake kallo kamar abokinsa.

Ka san shi, shi bai san ka ba,
Ka yi kewarsa, bai ji ba,
Shi ma taron bai ishe shi ba,
Zumunci ne babu sanin juna.

Malam Mai Allo

Ɗana, ciyar da ƙanne ibada ce,
Ban ce ka bar sana'a ka zo ka zauna.

Amma hawayen uwa ba haja ba ne,
Gadon jinyarta ma amana.

Ka riƙe aiki ɗaya da ba wanda ya sani,
Daga kai sai Mai dare da rana.

In ka yi shi, ranka ya ƙi daɗi
Don ba a gani ba, nan ciwon ya kwana.

Mu masu wa'azi ma ba mu tsira ba,
Nakan tsinci kaina ina ƙirga sahu da idona.

Yayar Auta

Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Ƙanena na Rikkos, maganarka ta yi mini zafi, domin ni ma na kalli bidiyon, sau biyar, ina zaune a gefen gadon. Ƙanwata ɗaliba, ƙayar da kika ce in duba, na kwana ina nemanta, kuma na same ta. Keken yana gida tun da ya saki shagon.

Yana sha biyu, farkon koyo,
Ya tara kuɗi, yadi ya sayo,
Ya ɗinka riga, Baba na jin rediyo,
"Ajiye can," ita ce duk magana.

Baba ya rasu bai sa ta ba,
Ni ma ban ce ta yi kyau ba,
Hidima ta sha kaina, ban lura ba,
Rigar na nan a akwatina.

Jiya Inna aka sallame ta,
Na ɗauko rigar na warware ta,
Na kira Auta na miƙa masa ita,
Mu biyu, yadda Malam ya nuna.

Ya juya ta, ya duba ɗinkin,
Ya shafa wuya, ya shafa bakin,
Ya ce, "Yaya, kin ajiye aikin?"
Ya yi kuka, ba abin da ya kunna.

Na ba shi zanen Inna da ya yage,
Ya jawo keke, ƙura ya goge,
Ya ɗiga mai, ya zauna ya dage,
Wayarsa na ta haske a gabana.

Sau biyu ya kai hannu gare ta,
Sau ɗaya ya fasa, sau ɗaya ya ɗauke ta,
Inna na intanet, ana ta kallon ta,
Ya ce sai gobe za mu yi magana.