Shawarwarin da aka tattara kan bincike a Jos

A wani zama da malaman jami'a da ɗalibai suka yi a Jos, maganar kayan aiki ce ta fi cin lokaci. Sai a sayo na'ura mai tsada, ta shekara lulluɓe da leda, don babu wanda ya iya gyaranta, ko kuma wuta ta ƙona ta. Aka ce duk mai neman tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ya saka kuɗin horar da ma'aikacin ɗakin gwaji, da na sola da batir, tun a takardar neman. A ganina wannan ce ta fi nauyi.

An kuma ce a daina aiki a warwatse. Ga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda aka kafa tun 1924, ga tashar binciken dankalin Turawa a Kuru, duk a bakin ƙofa. Ɗalibi ya je can ya yi gwajinsa, ya tambayi manoman Bokkos abin da ke lalata musu dankali kafin ya zaɓi batun bincike.

Wanda ya ƙirƙiro sabon abu kuwa, ya nemi NOTAP, hukumar bunƙasa fasaha da ke Abuja, ta taimaka masa da rajistar haƙƙin mallakarsa kafin ya wallafa.