Wa ya kashe Rollerball na 2002, almakashin MGM ko darakta?

Habu: Ni ina nan kan bakana, kamfanin MGM ne ya kashe fim ɗin Rollerball na 2002. Daraktansa John McTiernan da ya yi Predator a 1987 da Die Hard a 1988 ba zai manta sana'arsa dare ɗaya ba. An shirya fitar da fim ɗin a 2001, aka yi ta ɗagewa har Fabrairun 2002, aka yanke jini da tsiraici domin ya samu shaidar PG-13 matasa su shiga sinima. Fim ɗin wasan kisa da aka rage wa kisan, me ya saura?

Malam Ɗanjuma: Habu, ka sake kallon Rollerball na asali, na 1975 na darakta Norman Jewison. Ƙarfinsa ba a jini yake ba. An nuna duniyar 2018 inda manyan kamfanoni suka maye gurbin gwamnatoci, suka ƙirƙiro Rollerball, wasan ƙwallo mai tashin hankali da ake yi kan takalmin taya da babura, don su koya wa talaka cewa ƙoƙarin mutum ɗaya banza ne. Sai Jonathan E., wanda James Caan ya fito a matsayinsa, ya yi fice a ƙungiyar Houston har ya fi wasan suna. Suka ce ya yi ritaya, ya ƙi. Daga nan suka dinga zare dokoki: a Tokyo babu hukunci kan keta, a New York babu canjin ɗan wasa, babu iyakar lokaci. Kowane duka yana da dalili. A sabon fa? An kai labarin Kazakhstan, Jean Reno ya zama attajirin da ke ƙara tashin hankali don masu kallon talabijin su ƙaru. Wannan ƙanƙantar da labari tun a rubutu aka yi shi.

Zainab: Ina bayan Malam. Kuma Yaya Habu, ka taɓa gane dokar wasan a sabon? An mai da filin kamar lamba 8, kyamara na ta tsalle, ba ka san wa ke riƙe da ƙwallon ba balle wa ke cin nasara. Ga doguwar tserewar nan ta dare da aka ɗauka kore shar da kyamarar gani cikin duhu, ido har ciwo yake. Wannan zaɓin darakta ne.

Habu: Ƙanwata, na yarda da maganar koren. Amma ku tuna rikicin bayan fage. McTiernan ya ɗauki hayar mai binciken sirri Anthony Pellicano ya saurari wayar furodusa Charles Roven saboda wannan fim ɗin, ya yi wa FBI ƙarya a kai, har ya shiga kurkuku a 2013. Mutum ba ya kai nan sai in yana ganin ana ƙwace masa aikinsa.

Malam Ɗanjuma: Wannan ya nuna an yi rigima, bai nuna gaskiya na wajensa ba. Sigar manya mai shaidar R ta fito a faifan DVD, an mayar da jinin, amma labarin bai gyaru ba.

Zainab: Kuma jarumin sabon fim ɗin, Chris Klein na American Pie, bai da nauyin Caan. Fuskarsa ba ta mutumin da ya sha wuya a fili ba ce. An kashe wajen dala miliyan 70, aka samu kusan miliyan 26.

Habu: To, Malam, sigar DVD ɗin ma bayan sake ɗauka da gyare-gyare aka haɗa ta. Har yanzu ban janye ba.