Wa inji ya taɓa rabawa da sana'arsa?

Mai Allura, Zariya:
Salam 'yan uwa. Ni ɗinkin hannu na gada wajen babana, aikin babbar riga, aska takwas da aska biyu. Riga ɗaya sai ta ci min wata biyu ko fi, ido na ruwa, ɗan yatsa duk ya yi kanta saboda allura. To tunda injin kwamfutan nan ya shigo, a sa masa zane a filashi kafin la'asar ya zuba aiki ya gama, masu kawo mana ɗinki suka janye, sai 'yan gidan sarauta da masu hannu da shuni da suka san bambanci. Yara biyar nake koya wa a da, yanzu saura ɗaya, sauran duk sun koma jan adaidaita. Abin na damuna wallahi. Akwai wanda haka ta same shi?

Tsohon Mai Lema:
Malam ka sosa min inda ke min ƙaiƙayi. Bayan GSM ya shigo a 2001 na kafa lema da tebur a bakin tasha, layi ake yi a buga waya a biya ni da minti. Da kowa ya mallaki tasa na koma sayar da kati, katin ma yanzu daga asusun banki mutum ke lodawa yana kwance a ɗaki. Lokacin wahalar takardun naira farkon 2023 na karɓi POS, da shi nake riƙe iyali, amma fa a layinmu kaɗai mu bakwai ne.

Maman Ilham, Kura:
Mu mata ba a ma maganarmu. Da in kaka ta yi mu fita sheƙar shinkafa a biya mu da awo, abin da muka tara ya kai mu rani. Yanzu inji ne ke yanka ya sussuke gaba ɗaya, wa zai neme mu?

Manomi:
Hajiya gaskiyarki ne, ki yi haƙuri. Bara ina jiran 'yan yanka ruwa ya kwantar min da rabin gona, shi ya sa bana na ɗauko inji haya.

Mai Allura, Zariya:
Allah sarki. Ni ma yaron nan da ya rage min jiya yake roƙona in bar shi ya je ya koyi zanen kwamfutan. Na ce ya je da safe, da yamma ya dawo mu riƙe allura.