Wa ya san masu zanen littafin nan mai shafin Hausawa?

Maman Ikram:
Assalamu alaikum. Ƙanwata da ke Amurka ta aiko wa 'yata wani littafin yara, Ashanti to Zulu. Kowane harafi da ƙabilarsa ta Afirka, H kuma Hausa ce. A bango an sa Leo da Diane Dillon ne suka yi zanen. To mutum biyu su zana hoto ɗaya, ta yaya ke nan?

Sabo Mai Fenti:
Wa alaikumus salam Hajiya. Mata da miji ne, duka haihuwar 1933. Leo baƙar fata ne ɗan Brooklyn, iyayensa daga Trinidad suka zo, ita kuma Diane Baturiya ce 'yar Kalifoniya. A makarantar zane ta Parsons da ke New York suka haɗu, kowa na ƙoƙarin ya fi ɗan'uwansa, ƙarshe suka yi aure a 1957. Takarda ɗaya suke miƙa wa juna, wannan ya fara, wancan ya ɗora, har su kansu su kasa cewa ga inda hannun wani ya tsaya. Abin da ke fitowa sun ce aikin wani mai zane na uku ne. Ni da nake rubuta allunan shaguna, ko yarona ban yarda ya taɓa allon da na fara ba, shi ya sa abin nasu ke ɗaure mini kai.

Ki duba kusurwoyin da suka kewaye kowane hoto. Ƙullin nan da ke sarƙe daga dagin Kano suka samo shi, irin wanda ake yi a wuyan babbar riga. Ki nuna wa Ikram. Littafin ya ci lambar Caldecott, wato lambar yabon da ake bai wa masu zanen littattafan yara a Amurka, a 1977, bayan sun ci ta 1976 da na sauro, kuma Leo ne baƙin mutum na farko da ya same ta. Ya rasu a 2012.

Ummi Zinder:
Zanen kam ba magana. Amma Margaret Musgrove da ta rubuta shi, shafi ɗaya ta ba kowa, namu kiran salla ne kawai. F ma Fanti aka ba, Fulani ba su samu shiga ba.

Maman Ikram:
Na ga dagin wallahi! Malam Sabo, wane ne na sauron?

Sabo Mai Fenti:
Why Mosquitoes Buzz in People's Ears, tatsuniyar Yammacin Afirka ce, kan dalilin da ya sa sauro ke kuka a kunnen mutane. In Ikram ba ta wuce shekara shida ba, shi zai fi shiga ranta. Ki ce ƙanwarki ta haɗo da shi.