Musayar waƙa: na koma masaƙarmu

Tsohon Masaƙi: Salamu alaikum. Jiya ɗana ya kai ni masaƙar Salts Mill, kusa da Bradford a Ingila, inda na yi aikin dare ina ɗalibi. An rufe ta a 1986, yanzu gidan baje zane-zane ce, har da na mai zane David Hockney.

Na koma ɗakin da na zub da gumi,
Ba kukan inji, ba ƙura, ba ɗumi.
Wurin da ulu ke toshe mana hanci,
Yau zanen Hockney ne da ɗakin cin abinci.
Na dafa ginshiƙin ƙarfen nan na da,
Shi kaɗai ya san ni, hawaye ya zuba.

Ɗan Kakuri:
Baba, share hawaye, kai ka ga gata,
Taka masaƙar an share an gyara ta.
Zo Kakuri ka ga tamu a yau,
Ciyawa har ƙugu, rufi ba kyau.
Tun 1957 Kaduna ke saƙa,
Yau sai atamfar Sin muke ɗauka.

Tsohon Masaƙi:
Yaro, gata ka ce? Ba ka duba ba,
Mai kallon bango bai san yunwa ba.
Mutum 3,000 ta ɗauka tun farko,
Zane bai cika tukunya ko ƙoƙo.

Hajiya Mai Alƙalami: Allah ya ja kwana, Baba! Ɗan Kakuri ya sha ƙasa.

Malamin Aruli: Ɗan Kakuri, ɗangonka na biyar ya karye. Karanta 1957 da baki, ka ƙirga gaɓoɓin.

Ɗan Kakuri:
Malam, kana ƙirga gaɓa da yatsu,
Mu muna ƙirga abokan da suka rasu.

Malamin Aruli: Allah ya jiƙansu. Amma ɗangon a karye yake.

Hajiya Mai Alƙalami: Malam, to kawo naka baitin mu auna. Kullum gyara, ba waƙa.

Malamin Aruli: Hajiya, 3,000 ɗin Baba ma da ɗingishi. Don naki ne kika yi shiru.

Tsohon Masaƙi: Ku yi haƙuri, kwana biyu ban leƙo ba.

Jikata ta ce, "Kaka, ina ka tsaya?"
Na kai ta gun littattafai, taga ta baya.
Da an rushe ginin, me zan nuna mata?
Ɗan Kakuri, na yarda, wannan ma gata.

Wane sashe ka yi, kaɗi ko rini?

Ɗan Kakuri: Rini, Baba. Shekara 14.